Sharhi: Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da Sauran Sojojin da Ba a Ji Sunayensu Ba

Sharhin yau zai waiwayi rayuwa da rasuwar Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, matashin hafsan sojan Najeriya wanda ya kwanta dama a fagen fama a daren Juma'a, 4 ga watan Nuwamba na shekarar 2016, yana da shekara 36 a duniya, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka kai hari kan sansanin sojoji da ke Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam a can ƙuryar arewacin Jihar Borno. Marigayin ba ɗan Gwiwa ba ne, ba kuma ɗan ƙasar Kazaure ba, domin asalin gidansu yana ƙasar Bassa Nge ta Jihar Kogi, amma labarinsa ya shafi masu sauraro na Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura a Jihar Jigawa kai tsaye, saboda daga irin waɗannan garuruwa ne ake ɗiban samarin da suke cika sahun bataliyoyin da irinsa suke jagoranta, kuma idan an yi rashi a bakin daga, a irin waɗannan gidaje ne ake shimfiɗa tabarmin zaman makoki ba tare da wata jarida ta ɗauki labari ba.

An haifi Muhammad Abu Ali a shekarar 1980 a gidan soja, domin mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya riƙe muƙamin gwamnan mulkin soja na Jihar Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, daga baya kuma ya hau gadon sarautar Etsu na Bassa Nge. Ya shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, a shekarar 1998 cikin rukuni na 50 na masu dogon kwas, ya fito a 2003 da ƙaramin muƙamin hafsa, aka kuma tura shi sashen motocin sulke, wato ɓangaren rundunar ƙasa da ke yaƙi da tankoki da sauran motoci masu jikin ƙarfe waɗanda harsashin ƙaramar bindiga ba ya huda su. Kafin rikicin arewa maso gabas ya ja shi, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasashen waje, kamar yadda yawancin hafsoshin zamaninsa suka yi. Ɗan tsohon gwamna kuma ɗan sarki yana da hanyoyi da yawa na samun kujera mai sanyi a wani ofis na Abuja ko Legas, kuma babu wanda zai yi mamaki da ya nemi haka, amma shi a bakin daga aka san shi, a nan kuma ajali ya same shi.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa sunansa ya yi tashe ba sai an tuna halin da ƙasa ta shiga a ƙarshen 2014 da farkon 2015, lokacin da garuruwa irin su Gwoza da Bama da Gamboru Ngala da Mubi suka faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya ɗaya bayan ɗaya. A farkon watan Janairu na 2015 suka mamaye Baga da ke gaɓar Tafkin Chadi, suka ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, suka yi wa fararen hula kisan gilla wanda ya girgiza duniya, sannan kafin watan ya ƙare suka kama Monguno. Gwiwar sojoji ta yi sanyi ƙwarai a wannan lokaci, domin tun a watan Mayu na 2014 wasu ƙananan sojoji suka yi bore a Barikin Maimalari na Maiduguri bayan an kawo gawarwakin abokan aikinsu, kuma kotun soja ta yanke wa da dama hukuncin kisa a wannan shekara bisa laifin bore ko ƙin fita yaƙi, hukuncin da aka sassauta zuwa ɗauri daga baya, alhali abin da da yawansu suka riƙa faɗa shi ne ana tura su gaban abokan gaba ba tare da isassun makamai ba. Har babban zaɓen ƙasa sai da aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris na 2015 da hujjar ba sojoji damar ƙwato yankunan da suka kuɓuce.

A cikin waɗannan makonni ne aka shigo da tankoki samfurin T-72, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, aka kuma damƙa wasu daga cikinsu ga Abu Ali, wanda a lokacin yake da muƙamin Manjo. Yana daga cikin waɗanda suka ja gaba wajen ƙwato Monguno a tsakiyar watan Fabrairu, da Baga a ranar 21 ga watan, sannan da Gamboru Ngala a kan iyakar Kamaru a farkon Satumba na wannan shekara. A Gamboru Ngala ɗin ne Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ya liƙa masa anini na Laftanar Kanar ta hanyar ƙarin girma na gaggawa, wato ɗaga hafsa zuwa muƙami na gaba tun kafin ya cika shekarun da ƙa'ida ta tanada, abin da ba kasafai ake yi ba sai don wata bajinta da ta fita daban. Laftanar Kanar muƙami ne da ke sama da Manjo kuma ƙasa da Kanar, kuma mai riƙe da shi ne bisa al'ada yake jagorantar bataliya, wato rukunin sojoji ɗaruruwa da ke ƙarƙashin kwamanda guda. Bataliyar da ya jagoranta ita ce ta 272 ta tankokin yaƙi, kuma a bakin sojoji da jama'ar gari an fi kiransa Sarkin Yaƙi.

Yana da kyau mai sauraro ya san yadda aikin ɗan tanka yake, domin daga nesa mutum zai ɗauka wanda ke cikin ƙarfe mai nauyin fiye da tan 40 ya fi kowa tsira. Tankar T-72 mutum uku take ɗauka, direba a gaba can ƙasa, da mai harba igwa, da kwamanda a cikin hasumiyar da ke juyawa, kuma wurin zaman nasu ƙunci ne da shi, ga zafin inji a kan zafin ranar Borno, ga ƙura, ga ƙarar da ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi sai ta na'urar da ke maƙale a kunne. Idan an rufe murfi, abin da kwamanda yake iya hange ta 'yan ƙananan gilasai kaɗan ne, saboda haka duk mai son ya ga inda abokan gaba suke, ya kuma san inda dakarunsa na ƙasa suka tsaya, dole ya riƙa fito da kansa da ƙirjinsa waje, a daidai wurin da kowane maharbi yake nema. Tanka kuma tana shan mai kamar ba gobe, tana bukatar kayan gyara da makanikai, kuma da dare, idan babu sojojin ƙasa da ke kare gefenta, sai ta zama abin farauta ga mai ɗauke da roka ko motar da aka cika da nakiya. Shaidar da abokan aikinsa suka bayar bayan rasuwarsa ta taru a kan abu guda, cewa shi yakan shiga gaba ne sauran su biyo baya, kuma yana tsananin kaffa-kaffa da rayukan yaransa, wanda hakan ne ya sa sojojin da suka saba jin umarni daga nesa suka ba shi amana.

Malam Fatori, inda ya gamu da ajalinsa, gari ne da ke kan iyakar Najeriya da Nijar, kogin Komadugu Yobe ne kawai ya raba yankinsa da garin Bosso na Jihar Diffa, kuma nisansa da Maiduguri da lalacewar hanya sun sa kai wa sojojin da ke can abinci da mai da albarusai ya zama yaƙi mai zaman kansa. A watan Agusta na 2016 ƙungiyar Boko Haram ta dare gida biyu, ɓangaren Abubakar Shekau ya ci gaba da zama a dajin Sambisa, ɓangaren da aka naɗa wa Abu Mus'ab Albarnawi kuma ya kafu a tsibirai da gaɓar Tafkin Chadi, inda ya mayar da hankali kan afka wa sansanonin soja don kwasar makamai. A irin wannan yanayi ne aka kai harin daren 4 ga Nuwamba, kuma ko da yake rundunar soja ta sanar da cewa an fatattaki maharan, nasarar ta zo da tsada. Ranar Litinin, 7 ga watan, aka yi jana'izarsa tare da wasu sojoji shida a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, a gaban manyan jami'an gwamnati da hafsoshi, inda aka ga Janar Buratai yana share hawaye. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Bayan sojoji sun kama sansanin da ake kira Camp Zero a dajin Sambisa a watan Disamba na 2016, an sanya sunansa ga filin koyon harbi da aka buɗe a can.

Duk wannan karramawa ta dace da shi, kuma babu mai hankalin da zai yi masa hassadarta. Sai dai yabon gwarzo guda yana iya zama labulen da hukuma take fakewa a bayansa, domin tambayar da hawayen ranar jana'iza suka rufe ita ce me ya sa runduna mai dubban hafsoshi ta dogara da mutum ɗaya har haka, ana ɗauke shi daga wannan fage zuwa wancan duk inda wuta ta yi zafi, tsawon fiye da shekara biyu. Manomin Gwiwa ya san cewa wanda yake da shanun huɗa amma kullum sa ɗaya yake ɗaura wa garma saboda shi ne mai ƙwazo, ranar da san ya faɗi ba ƙaddara kaɗai za a zarga ba. Ƙa'idar aikin soja ita ce a riƙa sauya dakaru, wato a janye waɗanda suka daɗe a bakin daga su huta su ga iyalansu a kawo wasu, amma ƙorafin daɗewa fiye da kima ya zama ruwan dare a tsakanin sojojin arewa maso gabas a waɗannan shekaru. Haka kuma kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015 don binciken sayen makamai ya bankaɗo zarge-zargen karkatar da maƙudan kuɗaɗen da aka ware domin kayan yaƙi, wanda ke nufin cewa jarumtar wasu ce ta riƙa toshe ramin da haɗamar wasu ta haƙa.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba a ɗauki darasin da sauri ba. A ranar 18 ga Nuwamba na 2018 aka afka wa Bataliya ta 157 a Metele, a wannan yanki dai na arewacin Borno, aka kashe kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, alhali rahotanni masu zaman kansu sun ambaci adadin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. A watan Satumba na 2020 Kanar Ɗahiru Bako ya rasu sakamakon kwanton ɓauna a yankin Damboa, sannan a ranar 13 ga Nuwamba na 2021 aka kashe Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a yankin Askira Uba. Waɗannan sunaye an san su ne saboda masu su manyan hafsoshi ne, amma a kusan kowace irin wannan sanarwa akwai jimlar da ke biyo bayan sunan kwamanda, wadda take cewa tare da wasu sojoji kaza, kuma a cikin wannan dunƙulallen adadi ne ake binne farabiti da kofur da saje, wato ƙananan sojojin da ba su bi ta makarantar hafsoshi ba, waɗanda suka shiga aikin ta Defot ɗin Zariya, cibiyar horar da kurata da ta samo asali tun 1924.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidan mutanen wannan yanki. Ɗaukar sabbin sojoji a Najeriya ana yin ta ne bisa tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi, kuma duk mai nema sai ya gabatar da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa, wanda ke nufin cewa saurayin da ya tashi daga wani ƙauye na Gwiwa ko Roni ko 'Yankwashi ya tafi Zariya, sai da sakatariyar ƙaramar hukuma ta buga masa hatimi, bayan mai unguwa da dagaci sun shaida shi. Hukumar da ta san fitarsa kuwa ya kamata ta san makomarsa. Amma yadda abin ya saba kasancewa shi ne, idan ya rasu a bakin daga, labari yakan iso gida ta wayar wani abokin aikinsa kafin sanarwar hukuma, sau da yawa bayan an riga an rufe shi a maƙabartar sojoji ta Barikin Maimalari ko wani wuri mai nisa, sai a fito da tabarmi ƙofar gida, liman ya yi addu'a, maƙwabta su kawo gero da tsaba, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in inda aka saba yin su, daga nan kuma sai shiru. Uwar da ba ta ga makarar ɗanta ba, ba ta kuma san inda kabarinsa yake ba, ita kaɗai take ci gaba da riƙe lissafin shekarun.

Wannan mantuwa tsohuwa ce, ta girmi Najeriya kanta. Tun a 1863 wani jami'in Ingila mai suna John Glover ya haɗa wata 'yar runduna a Legas wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa, kuma daga ita ne rundunar sojan ƙasar nan take ƙirga asalinta. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban samari daga ƙasar Hausa sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma har yau barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya suna ɗauke da sunayen da suka samo asali daga wancan yaƙi, kamar yadda Barikin Bukavu na Kano yake ɗauke da sunan wani gari na Kwango inda sojojin Najeriya suka yi aiki a farkon shekarun 1960. An adana sunayen wuraren da aka yi faɗa, amma na mutanen da suka faɗi a can ba su samu irin wannan kulawa a garuruwansu ba. A shekarar 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka mutu a hidimar Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali Turawan da suka mutu tare da su an rubuta sunayensu, kuma gwamnatin Ingila ta nemi afuwa a kan haka. Abin kunya ne a ce abin da aka zargi mai mulkin mallaka da shi, 'yan ƙasa su ci gaba da yi wa junansu.

Gaskiya ne akwai ranar da aka keɓe. Kowace shekara a ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da ta yi daidai da ƙarshen yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, bayan da a da ake yin sa a ranar 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen da Ingila ta raina. Ana ƙaddamar da sayar da tambarin tunawa don tara gudummawa ta hannun Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, a yi addu'o'i a masallatan Juma'a da coci-coci, sannan shugaban ƙasa a Abuja da gwamnoni a manyan biranen jihohi, har da Dutse, su ajiye furanni a gindin gunkin sojan da ba a san ko wane ne ba, a busa ƙaho, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Wannan tsari aro ne daga Turai, kuma ga mutumin karkara a ƙasar Hausa baƙon abu ne, domin shi a wurinsa ba a tuna mamaci da fure ko gunki, ana tuna shi da addu'a da sadaka da riƙe zumuncinsa da kula da abin da ya bari, kabarinsa ma ba a ƙawata shi. Ba a ce a soke bikin ba, tunda runduna ta kowa da kowa ce kuma tana da al'adunta, amma bikin da ake gamawa kafin azahar a babban birni ba ya isa ga matar da ke takaba a ƙauye.

Ƙasar Kazaure kuwa ba baƙuwar tuna mazaje ba ce. Masarautar kanta ta kafu ne a farkon ƙarni na 19 a hannun Ɗantunku bayan gwagwarmaya da Kano, kuma sunan mayaƙi irin Ɗanwaire, wanda labarinsa ya ratsa ƙasashen Katsina da Kazaure a ƙarshen wancan ƙarni, bai ɓace ba saboda maroƙa da makaɗa da tsofaffi sun riƙe shi a baka, suna miƙa wa na baya. Amma wancan tsari ma sarakunan yaƙi da barade yake ɗaukakawa, dakarun ƙasa da suka bi su da baka da kwari ba wanda ya san ko su wane ne, kuma a yau da makaɗan fada suka ragu, rubutu ya wadata, babu uzurin da zai sa a ci gaba da wannan wariya.

Mafi nauyin al'amarin shi ne halin da iyali suke shiga. A ƙa'ida, sojan da ya rasu a bakin aiki iyalinsa suna da haƙƙoƙi da suka haɗa da kuɗin jana'iza, da kuɗin inshorar rai ta rukuni, wato tsarin da gwamnati take biya wa dukkan ma'aikatanta don a ba magada wani dunƙulallen kuɗi idan mutum ya mutu yana aiki, da haƙƙoƙin da ke bi ta Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, da kuma tallafin karatun 'ya'ya. Samun waɗannan kuwa sai da takardu, da shaidar mutuwa daga rundunarsa, da tafiye-tafiye zuwa inda mutumin ƙauye bai san kowa ba, kuma matan sojojin da suka rasu sun sha fitowa fili suna kukan jinkirin shekaru da kuma umarnin tashi daga gidan bariki tun hawaye bai bushe ba. Matar hafsan da duniya ta san sunansa tana da waɗanda za su ɗaga mata waya, amma matar farabitin da ba ta yi karatun boko ba, wadda ba ta ma san lambar aikin mijinta ba, takan haƙura ta bar wa Allah, ko ta faɗa hannun 'yan kamasho da za su cinye rabin abin da aka samo.

Akwai kuma wata matsala da ke raba kan dangi, wadda ta samo asali daga fom ɗin da kowane soja yake cikewa yana ambata mutumin da za a tuntuɓa idan wani abu ya same shi. Saurayi yakan rubuta sunan wansa ko mahaifinsa tun yana kurtu, ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai koma ya gyara ba, sai ranar da kuɗi suka fito wanda aka rubuta ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. A shari'ar Musulunci, wadda kotunan Jigawa suke raba gado da ita, abin da mamaci ya bari na magadansa ne gwargwadon rabon da aka ƙayyade, inda mata take da ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, uwa da uba kowannensu ɗaya bisa shida, saura kuma na 'ya'ya, saboda haka wanda hukuma ta miƙa wa kuɗin ya kamata ya ɗauki kansa a matsayin mai riƙon amana har a je gaban alƙali ko malamin da ya san ilmin gado. Wanda aka ce ya ɓace a fagen fama kuwa, ba a ga gawarsa ba ba a kuma ji ɗuriyarsa ba, lamarin iyalinsa ya fi kowanne tsanani, domin matarsa ba ta san ko ta fara takabar wata huɗu da kwana goma ba ko ta ci gaba da jira, kuma ko da yake mazhabar Malikiyya ta yi tanadin hukunci a kan wanda ya ɓace, sai an kai magana gaban alƙali kafin a warware ta, abin da kunya da rashin sani suke hana mata da yawa yi.

Wani zai iya cewa duk wannan aikin gwamnatin tarayya ne, tunda soja nata ne, kuma ƙaramar hukumar da take fama da albashin malaman firamare da gyaran rijiyoyin burtsatse ba ta da hurumin ɗaukar wani sabon kaya. Biyan haƙƙi aikin tarayya ne, babu ja, kuma wajibi ne 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki a Abuja su riƙa bin kadinsa. Amma sanin ko wane ne ya tafi bai dawo ba, da inda matarsa da 'ya'yansa suke, da ko yaran suna zuwa makaranta, wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, littafi guda yake bukata da magatakarda mai amana, kuma babu wanda ya fi mai unguwa da dagaci da hakimi sanin gidajen da abin ya shafa. Bukatar ta ƙara ƙarfi yanzu da fagen fama ya matso, domin Gwiwa tana maƙwabtaka da Jihar Katsina, Babura tana kan iyakar Nijar, kuma sojojin da ake turawa dazuzzukan Katsina da Zamfara da Sakkwato don yaƙi da 'yan bindiga su ma suna rasa rayukansu, tare da 'yan sanda da 'yan sa-kai waɗanda nasu iyalan ma ba su da ko irin tanadin da soja yake da shi.

Saboda haka kira yake ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwiwa da Roni da Kazaure da 'Yankwashi da Babura, tare da majalisun masarautun Kazaure da Ringim, da su umarci hakimai da dagatai su tattara sunan duk wani ɗan yankinsu da ya rasu ko ya ɓace a aikin soja, tun daga waɗanda tsofaffi suke iya tunawa na yaƙin Bama da na basasa har zuwa na Borno da Zamfara, a rubuta garinsa da rundunarsa da shekarar rasuwarsa da waɗanda ya bari, a ajiye kwafi a sakatariya da fadar hakimi, a kuma wakilta jami'i guda da zai riƙa raka iyalan da haƙƙinsu ya maƙale har su karɓa. Sojojin yankin da suke bakin aiki a yanzu kuma su duba sunan da suka rubuta a fom ɗinsu, su sanar da matansu lambar aikinsu da rundunarsu tun suna da rai. Limaman Juma'a su ware huɗuba guda kafin 15 ga Janairu mai zuwa su yi bayanin haƙƙin marayun soja da hukuncin cin dukiyarsu, su kuma ambaci mamatan garinsu da sunayensu a cikin addu'a. Allah Ya jiƙan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da sojoji shidan da aka rufe tare da shi, Ya raya abin da suka bari.